Koke biyu a bakin yarinya ɗaya: yadda wata kwaleji a Damagaram ta yi da su

Lamarin ya faru ne a wata kwalejin gwamnati cikin birnin Zinder, irin waɗanda ake kira CEG, inda yaro ke shiga sizyem bayan firamare, ya fita a turwaziyem da jarrabawar BEPC. Ba zan kama sunan makarantar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, domin yarinyar tana nan tana karatu, kuma a Damagaram rabin kwatance ya isa a gane mutum. Ina cikin ƙungiyar iyayen yara ta makarantar a lokacin. Tarukan da zan ambata na zauna a cikinsu, sauran kuwa daga bakin waɗanda suka yi su na ji.

Yarinyar tana katiriyem, wato ajin da ke gab da turwaziyem, shekarunta kamar 15. Gidansu a Kara-Kara yake, wurin kakarta ta wajen uwa. Uban ya daɗe da tafiya ci-rani arewa, uwar ta yi wani aure a wani gari. Duk ɗan Damagaram ya san nauyin da sunan Kara-Kara ke ɗauke da shi: unguwa ce da aka zaunar da masu fama da kuturta tun da daɗewa, daga baya kuma sunan ya haɗe a bakin mutane da faɗan matasa da ta'adi. Kakar ta yi ciwon tana budurwa, ta sha magani ta warke, amma ya riga ya taɓa mata yatsu. Jikar lafiyarta lau, ba ta taɓa yin ciwon ba.

Tun tana sizyem ake nuna mata ƙyama. A ajin da ake cusa yara uku, wani lokaci huɗu, a benci ɗaya, ita ce mai wurin zama a yalwace, don ba wadda ke son kafaɗarta ta taɓa tata. In ta sha ruwa a randar aji, mai bi mata sai ta ɗauraye moɗar a gabanta, ba ɓoyo. Lokacin hutu ana kiranta jikar kutare, in an so a sassauta a ce ƴar Kara-Kara. Malamai sun gani. Wasan yara aka kira abin, ita ma ba ta taɓa zaton akwai ofishin da ake kai irin wannan kuka ba. Haka aka tafi har ta kai katiriyem.

Malamin lissafi, matashi ɗan kwantaragi, shi ya fara nuna abin ya dame shi. Ya dawo da ita bencin gaba, ya tsawata wa masu tsokanarta, ya ara mata littafi. Kakar har addu'a take yi masa. Bayan hutun Disamba sai taimakon ya sauya kama: ta kai masa takardu ɗakinsa da maraice, ta zo ya ƙara mata darasi ita kaɗai, ta ba shi lambar da zai same ta. Waya ɗaya ce a gidan, ta ƙanwar uwarta, nan saƙonnin suka riƙa shiga. Da ta ƙi zuwa, ya faɗa mata a fili abin da yake nema da abin da zai biyo baya in ta ci gaba da ƙi. Yarinyar da ta saba samun 13 da 14 bisa 20 a lissafi sai ga ta da 5, sai 4, sai 6. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A ganina ba a banza ya zaɓe ta ba, kuma a nan ne koken biyu suka haɗu. Yarinyar da ba ta da ƙawa a aji ba ta da mai raka ta, ba ta da mai shaidarta. Ba uba a gari, ba wa, ba kawu ma'aikaci da zai shigo ofishin darakta a miƙe masa kujera. Wariyar da makaranta ta zuba wa ido shekara da shekaru ita ta share wa malamin hanya. Ga shi kuma ta riga ta maimaita aji sau ɗaya, lissafi kuwa yana da nauyi wajen haɗa maki, in ya ja ta ƙasa da 10 kora ce ke jiranta. Ya san haka, ita ma ta sani.

Ƙofar farko

Wanda ta fara faɗa wa shi ne surbeyan, mai kula da ɗa'a da rajistar zuwa da takardar izinin shiga aji ga wanda ya makara. Ga yara, shi ne hukumar da suke gani kullum. Darakta sai daga nesa. Ta same shi bayan an tashi, ta ce, "Mushe, ina da magana," kamar yadda ɗalibai ke kiran malami namiji. Ya saurare ta har ta gama, sa'an nan ya ce, "Ƴata, ki rufa wa kanki asiri, ki koma aji, zan san abin yi." Abin yin da ya sani shi ne, da dare a fadar da suke shan shayi tare, ya ja malamin gefe ya ce masa yarinya ta kawo ƙararsa, ya yi hankali.

Ban ɗauki surbeyan mugun mutum ba. Ya yi abin da ya ga manyansa suna yi: magana tsakanin maza biyu, a kashe ta tun ba ta girma ba. Amma abin da ya yi a zahiri shi ne ya ɗauki sirrin mai ƙara ya miƙa wa wanda ake ƙara, bai rubuta komai ba, bai sanar da darakta ba. Washegari malamin ya tsaya gaban aji ya ce akwai wasu da maimakon su gode wa Allah da aka bari suka zauna cikin mutane, sai suka koma yi wa na gaba da su ƙazafi. Bai kama suna ba. Ajin duka ya juya ya dube ta.

Daga ranar ba ta ƙara zuwa ba, har kusan mako biyu. Surbeyan kuwa yana ta cika rajistarsa: ba ta zo ba, ba ta zo ba. Da ma akwai makara a rubuce a kanta, don ita ce mai ɗebo wa gidan ruwa, kuma wanda ya zauna Zinder ya san abin da layin famfo ke nufi, musamman in bazara ta kawo jiki. Kafin koken ya isa ko'ina, takardar da makaranta ke da ita a hannu ta riga ta nuna ta a matsayin ɗaliba mai makara, mai fashi, mai faɗuwa a lissafi. A kan malamin kuwa ko layi ɗaya babu.

Zaman gida na mako biyu ga yarinya mai shekara 15 ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Kakar ta faɗa daga baya cewa cikin waɗannan kwanaki har wani ya aiko a tambaya masa ko yarinyar ta bar lakwal ke nan.

Malamar Faransanci, wadda makaranta ta ɗora wa kula da karatun ƴaƴa mata, ita ta lura da bencin da ba kowa. Ta nemi mata biyu daga ƙungiyar iyaye mata, AME, suka tafi Kara-Kara. Ɗaya daga cikin iyayen ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ƙi zama a tabarma, ta ƙi ruwan da aka kawo. Yarinyar ta gani, ba ta ce uffan ba a ranar. Ciwon kai ta ce ya hana ta zuwa. Sai da malamar ta koma ita kaɗai, ta zauna, ta ci abin da aka ba ta, sa'an nan bakin ya buɗe.

Abin da malamar ta yi daga nan shi ne ya riƙe lamarin har ƙarshe, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ta bar yarinyar ta faɗi maganarta da Hausa, ta rubuta ta da Hausa kamar yadda ta fito, ba ta gyara mata kalma ba, ba ta sa mata wata a baki ba. Ta karanta mata, yarinyar ta gyara wurare biyu inda aka sa na baya a gaba. Daga baya ne ta juya bayanin zuwa Faransanci don ofis, ta haɗa su biyun ta sa rana da hannu. Ta roƙi ƙanwar uwar kada ta goge komai a wayar, ta kuma ɗauki hoton saƙonnin da tata wayar. Ta tambayi yarinyar ko ta ajiye takardun lissafin da aka mayar mata bayan gyara. Ashe suna nan cikin wata leda, kakar ce ke adana su ko da yake ba ta karatu. Sai ta faɗa musu gaskiyar abin da za ta iya da wanda ba za ta iya ba. "Inna," in ji ta, "ba zan ce miki ba wanda zai ji ba, dole darakta ya ji. Amma ba zan kai maganar ko'ina ba sai kun sani." Alkawarin rufe baki gaba ɗaya ya fi daɗin faɗa, sai dai ranar da ya karye yarinya ba za ta ƙara yarda da kowa ba.

A ofishin darakta

Darakta dattijo ne mai son zaman lafiya, kuma shawararsa ta farko ita ce wadda kusan kowane dattijo a garin nan zai kawo: a kira malamin, a kira yarinyar da kakarta, a kira shugaban iyaye, a haɗa su ido da ido, mai laifi ya ba da haƙuri. Malamar ta ƙi, uwar AME ɗin da ta zauna a tabarma ta goya mata baya. Hujjarsu ita ce, yarinya mai tarbiyya ba ta iya ɗaga ido gaban malaminta da maza huɗu ko biyar ta maimaita irin waɗannan kalmomi. Za ta sunkuyar da kai ta yi shiru, shirun kuma a ɗauke shi a matsayin ƙarya ta ƙare. An kai ruwa rana kafin darakta ya yarda a ji kowa daban.

Da aka kira malamin ya yi tsalle ya dire, ya ce sharri ne, ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Alhajin da ke shugabantar COGES, wato kwamitin kula da tafiyar da makaranta, ya ga wannan ya isa. Ban raina rantsuwa ba, na san nauyinta a zuciyar mutanen Damagaram. Amma rantsuwa a nan rufe bincike za ta yi tun ba a fara ba. In ya dafa, wa zai ƙara tambayar me ya sa maki ya faɗi? Kuma in an ce shi ya rantse, za a ce ita ma ta rantse, a dawo inda aka tashi, baki da baki, na malami da na ƴar Kara-Kara. Kowa a ɗakin ya san wanda zai yi rinjaye.

Mafitar da aka samu ita ce a raba abin gida uku, kowanne da irin shaidarsa: maki, neman da ya yi mata, da ƙyamar da ake nuna mata a aji. Aka fara da maki, don shi ne ba ya buƙatar a yarda da kowa. Aka kwafe takardun nan uku, aka rufe suna, aka kuma rufe gyaran jan biron malamin, aka haɗa su da na wasu ɗaliban ajin don kada a gane wadda ake nufi, aka ba wasu malaman lissafi biyu na wata kwaleji daban su gyara, kowanne shi kaɗai. Takardar da aka ba 5 ta dawo da 12 a hannun ɗaya da 13 a hannun ɗayan. Mai 4 ta dawo da 11 da 12. Mai 6 ta haura 13. Na sauran ɗaliban kuwa bambancin bai wuce maki ɗaya ko biyu ba. Wannan bai nuna dalilin da ya sa aka danne mata maki ba, amma ya nuna an danne, ita kaɗai, kuma daga lokacin da ta faɗa. Daga ranar yanayin zaman ya sauya. Alhaji da kansa ya daina maganar rantsuwa.

Saƙonnin rubutu ba su yi ƙarfin da aka zata ba. Lambar ba da sunansa take ba, kalmomin kuma masu fuska biyu ne: ki zo, ina jiranki, kada ki manta. Saƙon murya ɗaya na WhatsApp ne ya tsaya masa a wuya, don muryarsa ce, ba wanda ya koyar tare da shi da zai kasa gane ta. Ya ce darasi yake kiranta. Aka tambaye shi wane darasi ne ake kira bayan sallar isha'i, ana kuma gargaɗin kada kaka ta sani.

An ba shi haƙƙinsa, kuma ina ganin daidai ne. Darakta ya ba shi takardar neman bayani a rubuce, ya ba shi kwanaki ya amsa, wakilin ƙungiyar malamai ya zauna tare da shi. Akwai malaman da aka taɓa yi wa ƙage, shi ya sa ƴan uwansa suka fara da kare shi, har ana raɗe-raɗin ajiye alli. Da wakilin nasu ya ga takardun da aka sake gyarawa ya kuma ji muryar, maganar yajin aiki ta mutu da kanta. Da an kore shi daga aji a rana ta farko bisa jin baki kawai, da malamai sun haɗe kai, da yarinyar ta zama abokiyar gabar makaranta duka. A ɗaya ɓangaren wakilan ƙungiyar ɗalibai sun ji ƙishin-ƙishin, suka so su fitar da yara daga azuzuwa. Malamar ta roƙe su su dakata, don zanga-zanga sunan yarinyar za ta kai kowace fada a garin kafin magariba. Sun ji, ba da son ransu ba.

Cikin wannan tsakani wasu yara biyu suka ɓullo. Ɗaya tana turwaziyem, ta samu malamar a ɓoye ta ba da labari kusan iri ɗaya, ta yarda a rubuta muddin ba za a karanta sunanta a taro ba. Ɗayar ta bar makarantar tun bara, an yi mata aure. Uwarta ce ta tsegunta wa matan AME dalilin barin, amma ta ce ƴarta matar wani ce yanzu, kada a tayar mata da abin da ya kwanta.

Taron COGES, da abin da doka ta ce

A taron kwamitin, inda darakta da wakilan malamai da na iyaye maza da mata da na ɗalibai ke zama, ba a ƙara musun ko ya yi ba. Gardamar ta koma kan rufin asiri. Alhaji ya ce yaron yana da mata da ƴaƴa biyu, ɗan kwantaragi ne, ɗan abin da ake biyansa ma ba kullum yake zuwa a kan kari ba, in aka rubuta shi an kashe masa rayuwa. Wani ya ce a bar shi ya ba da haƙuri, a gyara makin, shi ke nan. Uwar AME ɗin nan ta ce, "Alhaji, asirin wa za mu rufa? Na yarinyar ya riga ya tonu gaban aji." Ba a ba ta amsa ba.

Darakta ne ya kawo maganar doka, don ya nuna abin ya wuce hurumin kwamiti. Tun gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka na Nijar a 2003, matsa wa mutum da umarni ko barazana ko tilas don biyan buƙatar sha'awa laifi ne mai suna, a aya ta 281.1. Gyaran ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa 6, in kuma mai laifin ya yi amfani da ikon da aikinsa ya ba shi, ɗaurin na iya kaiwa kusan shekara 1, da tarar jika 20 zuwa jika 200 na sefa. Akwai kuma dokar da gwamnati ta fitar ranar 5 ga Disamba 2017 kan kare yarinya mai karatu da tallafa mata. Hukuncin ba shi da wani nauyi in aka auna shi da rayuwar yarinya, amma ya isa ya fitar da maganar daga sahun abubuwan da ake kashewa da goro da addu'a.

Malamar ta yi wa kakar bayanin hanyar shari'a: akwai sashen ƴan sanda mai kula da mata da ƙananan yara, akwai alƙalin yara, akwai hukumar ANAJJ da ke taimaka wa marasa hali da lauya. Kakar ta saurara, ta ƙi. Ta ce wa darakta, "Ranka ya daɗe, mu mutanen Kara-Kara in muka shiga ofis ba a tambayarmu me aka yi mana, sai dai me muka yi." Ta kuma ce yarinya za ta yi aure wata rana, wadda aka ji sunanta a kotu kuwa dangin miji ba sa mantawa. Ban ga laifinta ba, ita za ta zauna da abin da ya biyo baya. Sai dai ƙin da ta yi bai sauke wa makaranta nata nauyin ba, kuma a nan darakta ya tsaya. Ba shi da ikon korar malami, amma yana da ikon rubutawa. Ya cire shi daga ajin, ya sa aka gyara makin a rajista, ya sa aka soke fashin mako biyun nan daga lissafin ɗa'a, ya haɗa bayanan yara biyun da takardun lissafi da amsar malamin ya aika ofishin sufeto. Malamar kuma ta haɗa yarinyar da wata ma'aikaciyar ofishin kare yara na jiha.

Amsar ta fito a ƙarshen shekara: an yi wa malamin sauyin wurin aiki zuwa wata kwalejin karkara. Wasu iyaye sun yi murna. Ni ban ga abin murna ba. A kwalejin karkara yawancin ƴan mata daga ƙauyuka suke zuwa, suna zaune a gidan mai masauki, nesa da uwa da uba, wani lokaci abincin rana ma sai an yi dabara. Wannan matsala ce ta sa gwamnati ta shiga gina wa ƴan mata makarantun kwana, irin wadda aka buɗe a Kelle cikin yankin Gure. Mutumin da ya san yadda ake zaɓen yarinya marar gata an kai shi inda ajin duka marasa gata ne. Takardar sauyin ba ta faɗi dalili ba, kuma da darakta ya tuntuɓi takwaransa na can ta waya, sai ya iske ba abin da aka faɗa masa.

Koken da ba a rubuta ba

Ɓangare na uku, na ƙyama, da ƙyar aka tuna da shi. Da malamin ya bar ajin mutane suka ɗauka an gama. Malamar ce ta dage, ta ce abin da ya kai yarinyar hannunsa yana nan daram. A nan ne sulhu da nasiha, waɗanda ba su dace da laifin malami ba, suka yi amfani, don masu laifin yara ne da ke maimaita abin da suka ji a gida. Aka gayyato wani ma'aikacin lafiya ya shiga azuzuwa ya yi bayani: kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba gado ba ce, ba baki ba ne, ba a ɗaukarta ta gaisawa ko ta zama benci ɗaya; ana warkewa da magani cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke raba maganin kyauta; wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa ta, naƙasar da ake gani a hannun tsofaffi kuwa tabon ciwon da ya wuce ne. Bai ambaci yarinyar ba, kuma duk azuzuwa ya shiga, don kada a ce saboda ita aka yi. A taron iyaye liman ya yi magana kan kiran mutum da sunan da yake ƙi, mai unguwar Kara-Kara kuma aka zaunar da shi a sahun gaba. Darakta ya sa zaman benci ya koma bisa jerin sunaye, ya kuma sa a cikin dokar cikin gida ta makaranta cewa zagin mutum da unguwarsa ko ciwon danginsa ko ƙabilarsa laifi ne da ke kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa.

Nasarar rabi ce. Ɗauraye moɗa a gabanta ya ragu, ta samu ƙawaye biyu, ta wuce zuwa turwaziyem. Amma ta samu sabon suna a bakin wasu, wadda ta sa aka kori mushe, kuma akwai malaman da har yau ba sa kiranta allo, wai suna gudun magana. Uwar AME ɗin da ta tsaya a bakin ƙofa tana nan cikin ƙungiyar, ba ta sauya ra'ayi ba, ta dai daina faɗa a fili.

Makarantar ta fitar da ƴar hanyar kai koke bayan wannan. Mutum biyu aka nuna wa yara, mace da namiji, su zaɓi wanda suka fi sakin jiki da shi. Duk abin da aka kawo a rubuta shi a ranar, darakta ya sani kafin wanda ake ƙara ya sani. Ba a haɗa ɗaliba da malami wuri ɗaya don sulhu. Malami ba ya aiken ɗaliba gidansa. An kuma rataya akwatin koke, wanda ban ba shi muhimmanci sosai ba, don a gaban ofishin surbeyan aka kafa shi, inda duk mai jefa takarda sai an gan ta. Raunin tsarin shi ne har yanzu a kan malama ɗaya ya dogara, ita ma ma'aikaciya ce, ana iya ɗauke ta kowace shekara.

Saura yarinyar da aka aurar. Tun 2019 akwai ƙa'idar ma'aikatun ilimi da ta ba ɗaliba mai aure ko mai ciki damar ci gaba da karatu ko komawa bayan haihuwa, amma iyaye da yawa ba su san da ita ba. Matan AME sun je wurin mijin da wannan magana, ba tare da sun taɓo dalilin barinta makaranta ba, kamar yadda uwar ta roƙa. Bai ce a'a ba. Ya ce a bari damina ta wuce, ya kuma ji ta bakin mahaifiyarsa. Darakta ya bar sunanta a jerin ƴan katiriyem na shekarar da ke tafe.